Wa Ke Zuba Wa Injin Kwal?

A shekarar 2002 Holiwud ta fitar da fim ɗin The Time Machine, kuma babban abin da aka yi ta tallata shi da shi shi ne wai daraktan, Simon Wells, tattaɓa-kunnen H. G. Wells ne, wato marubucin littafin da aka ɗauko labarin daga ciki. Sai mutum ya ce ai shike nan, amana ta dawo hannun 'yan gida. Ina! Duk wanda ya karanta littafin sannan ya kalli fim ɗin ya san cewa da bare aka ba aikin, wataƙila da ya fi jin kunyar tsohon.

Littafin ya fito ne a 1895. Wani mai bincike ya ƙera na'urar ratsa zamani, ya hau, ya dira a shekara ta 802,701, ya tarar 'yan Adam sun rabu gida biyu. A doron ƙasa ga Eloi, kyawawa, ragwaye, ba noma ba saƙa, sai wasa da cin 'ya'yan itace. A ƙarƙashin ƙasa kuma ga Morlock cikin duhu da ƙarar injuna, su ke yi wa na sama sutura, in dare ya yi kuma su fito su kama su su cinye. Wells bai yi ɓoye-ɓoye ba. Matafiyin da kansa ya yi lissafi cewa na saman jikokin masu hannu da shuni ne, na ƙasan kuma jikokin leburorin da aka yi ta turawa ramuka da masana'antu har hasken rana ya zame musu baƙo. Kuma marubucin ya san abin da yake faɗa, domin mahaifiyarsa aikatau ta yi a wani katafaren gidan masu kuɗi da ake kira Uppark, inda barori ke zirga-zirga ta hanyoyin da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa.

To me jikan ya yi? Ya ɗauke labarin daga Ingila ya kai shi Amurka. Ya ba jarumin budurwa, ɗan fashi ya harbe ta, baƙin ciki ya sa jarumi ya ƙera na'ura don ya koma baya ya cece ta. Dalilin rabuwar 'yan Adam gida biyu kuwa, wai wata ne ya tarwatse a 2037. Ka ji fa. Laifin da marubuci ya ɗora wa attajiri, darakta ya ɗora wa farin wata. Shi ma George Pal, wanda ya yi nasa fim ɗin a 1960, yaƙin nukiliya ya laƙa wa laifin. Amma na'urar kanta, a duka finafinan biyu, kai ka ce amarya ce: tagulla sai sheƙi, ga gilasai, ga kujera ta alfarma.

Wannan ita ce cutar da nake son mu tattauna, mai karatu, domin ta zama ruwan dare a wani reshe na adabi da Turawa ke kira sitimfank, wanda ni zan riƙa kira adabin tururi. Labarai ne da ake ginawa a kan tambayar "da a ce". Da a ce zamanin injin tururi, zamanin Sarauniya Biktoriya, bai wuce ba fa? Da a ce mutanen wancan lokaci sun ƙera kwamfuta da tagulla, sun cika sararin sama da jiragen balan-balan, sun yi mutum-mutumi mai tafiya da wani irin na agogo? Matasanmu da yawa sun san kamannin abin ko da ba su san sunansa ba: doguwar hula, tabarau irin na masu walda, bututu ko'ina, da faya-fayan nan masu haƙora da ke cikin agogo. Ƙorafina shi ne, mafi yawan masu mayar da waɗannan littattafai fim kwalliyar kawai suke kwashewa. Injin tururi kwal yake ci, kwal kuma wani ne ke haƙo shi, wani ke zuba shi a wuta yana gumi. Littattafan kirki na wannan fanni a kan wannan mutumin suke magana. Shi ne kuma mutum na farko da furodusa ke kora daga labarin.

Sunan ma da wasa aka raɗa shi. Wani marubuci Ba'amurke, K. W. Jeter, ya aika wa mujallar Locus wasiƙa a 1987 yana neman sunan da za a kira irin rubutun da shi da abokansa Tim Powers da James Blaylock suke yi, sai ya kwaikwayi kalmar saibafank da ake yayi a lokacin. Rabin kalmar na farko tururi ne, rabi na biyu kuma yana nufin tantiri, ɗan tawayen da bai yarda da tsarin manya ba. Kada wani ya ɗauka ina cewa mutanen nan uku wa'azin siyasa suke yi. Labaransu cike suke da ban dariya da shirme da tsafi. Amma ka san rijiyar da suka sha ruwa? Littafin wani ɗan jarida ne, Henry Mayhew, mai suna London Labour and the London Poor, na 1851, wanda ya bi lungunan Landan yana hira da 'yan talla, da almajiran titi, da masu shiga magudanar ƙazanta neman tsabar da ta faɗi, har da masu tsintar kashin kare su sayar wa majema. Shi ya sa in ka buɗe Morlock Night na Jeter (1979) cikin kwatami za ka tsinci kanka, in ka buɗe The Anubis Gates na Powers (1983) kuma cikin ƙungiyoyin mabarata. Fannin daga ƙasan gari ya taso.

Tun kafin a raɗa sunan ma, Michael Moorcock ya rubuta The Warlord of the Air a 1971. Wani hafsan sojan Ingila da ke aiki a Indiya, Oswald Bastable, ya suma a 1902 ya farka a 1973, a wata duniyar da ba a yi Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, daulolin Turai kuma suna nan daram. Da farko ya ga aljannar duniya: Landan tsaf-tsaf, jiragen balan-balan suna shawagi. Sannu a hankali ya gane cewa wannan tsafta da guminsu Indiya da Sin ake biyan ta, har ya ƙare a cikin 'yan tawaye. A littafi na biyu, The Land Leviathan (1974), wani baƙin janar ne, Cicero Hood, ya taso daga Afirka da wata ƙatuwar ganuwa mai tafiya ya auka wa Amurka don ya 'yanta baƙaƙen fata. Sai kuma The Difference Engine (1990) na William Gibson da Bruce Sterling, inda injin lissafin da Charles Babbage ya zana ya yi aiki tun a wancan ƙarni, gwamnati kuwa ta yi amfani da shi ta ba kowane ɗan ƙasa lamba tana bibiyar sa, hayaƙi da wari suka turnuƙe Landan ta 1855. (Af, injin Babbage ɗin ba tatsuniya ba ne: gidan tarihin kimiyya na Landan ya bi zanensa ya ƙera shi a 1991, kuma ya yi lissafi daidai.) Waɗannan su ne ginshiƙan fannin. Har yau babu wanda ya mayar da ko ɗaya daga cikinsu fim. Ka tambayi kanka dalili.

Wanda aka fi zalunta a wannan harka, a ganina, shi ne Kyaftin Nemo na Jules Verne, mai jirgin ƙarƙashin teku Nautilus. Tun a hannun mai buga littafi aka fara yi masa aski. Verne ya so ya mai da shi basaraken ƙasar Folan da Rasha ta kashe wa iyali, sai mawallafinsa Hetzel ya ƙi, don kada a ɓata da Rasha a rasa kasuwa. Shi ya sa a Twenty Thousand Leagues Under the Seas (1870) ba a faɗi asalinsa ba, sai dai ka gan shi yana ceton wani talakan Ba'indiye mai nutson lu'ulu'u, yana aika wa 'yan tawayen tsibirin Kirit zinariya, yana nutsar da jirgin yaƙi cikin fushi. A The Mysterious Island (1875) ne Verne ya fasa ƙwai: Nemo Yarima Dakkar ne, ɗan wani sarki a Indiya, wanda ya shiga tawayen 1857, Ingilishi suka hallaka masa iyali. Wato jarumin da ya fi kowa shahara a wannan fanni mutumin da aka yi wa mulkin mallaka ne, ya ƙera injin da ya fi na masu mallakar, ya shiga teku yana farautar su.

Da Disney suka yi fim ɗinsu a 1954, wa suka ba wannan matsayi? James Mason, Baturen Ingila. A yi musu adalci, sun bar masa fushinsa, sun nuna sansanin bayi, amma ƙasar da ta zalunce shi ba ta da suna, shi ma ba shi da asali. Abin da duniya ta riƙe daga fim ɗin shi ne jirgin da Harper Goff ya zana, mai ƙusoshi a jiki da ƙaya a gadon baya kamar kada. A littafi kuwa Nautilus sumul yake kamar sigari, kuma da lantarki yake tafiya, ba ruwansa da tururi. Daga wannan zanen na Goff ne rabin kwalliyar da ake yayi yau ta samo asali. Jirgi ya samu Oska, mai jirgi ya rasa ƙasarsa.

Za ka ce ai an gyara a 2003, tunda a The League of Extraordinary Gentlemen an ba Naseeruddin Shah matsayin, kuma masu kallon finafinan Indiya sun san ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. Haka ne, ga rawani, ga gemu, ga takobi. Amma me aka sa shi ya yi? Direba aka mai da shi. Shi ke kawo jirgi, shi ke kawo mota, Turawa su hau. A littafin zane na Alan Moore da Kevin O'Neill, wanda ya fara fitowa a 1999, Nemo yana aiki da gwamnatin Ingila ne yana cije haƙora, kuma a kashi na biyu da ya ga sun harba makamin ƙwayoyin cuta a kudancin Landan, bai tsaya sallama mai tsawo ba, ya tattara jirginsa ya yi gaba. A littafin, shugabar ƙungiyar mace ce, Mina Murray, bazawarar da jama'a ke yi wa kallon banza. Allan Quatermain kuwa, maharbin giwayen nan na littafin King Solomon's Mines (1885), gwarzon daular Ingila, a wani ɗakin 'yan shaye-shaye aka tsinto shi a Alƙahira, ya lalace, ko tsayuwa ba ya iyawa. Wannan zambo ne Moore ya yi wa daular da gangan. A fim fa? An tashi Quatermain an wanke shi tas, an ba Sean Connery, an naɗa shi shugaba. An mai da Mina mai shan jini don a samu faɗa. An cuso Tom Sawyer don 'yan kallon Amurka su ga nasu. Don a ƙara mana gishiri a miki, sai aka ce wai wani boka ya sa wa Quatermain albarka cewa Afirka ba za ta taɓa bari ya mutu ba. Afirkar da ya ƙarar da giwayenta! Connery ya yi ta rigima da darakta Stephen Norrington a wajen ɗaukar fim ɗin, kuma shi ne fim na ƙarshe da ya fito a ciki da fuskarsa har ya rasu a 2020.

Sauran ba sai na ɓata tawada da yawa ba. Wild Wild West (1999), wanda daga wani tsohon shirin talabijin aka ɗauko shi, ya ci dala miliyan 170, ya ba mu gizo-gizon ƙarfe mai tsawon bene, ya tashi da kyaututtukan zambo biyar na Golden Raspberry, har da na fim mafi muni a shekarar. A cikin labarin akwai kisan gilla da aka yi wa 'yantattun bayi a wani gari, ciki har da iyayen jarumin, amma fim ɗin ya tsallake wannan kamar kwata don ya koma barkwanci. Will Smith fim ɗin The Matrix ya ƙi karɓa ya yi wannan. Around the World in 80 Days na 2004, na Jackie Chan, ya mai da Phileas Fogg mai ƙere-ƙere har yana haɗa jirgin sama a tsakiyar teku. Fogg na Verne ko ƙusa bai taɓa bugawa ba. Makaminsa jadawalin jiragen ƙasa da na ruwa ne da jakar kuɗi. Kuma a daidai wannan wurin, a littafi, abin da ya faru ya fi daɗi: kwal ne ya ƙare wa jirgin ruwan a tekun Atlantika, sai Fogg ya saye jirgin a hannun mai shi, ya sa aka yi ta ɓalle katakansa ana jefawa wuta har suka kai gaci. Verne bai taɓa mantawa cewa inji yana da ciki ba.

Amma wanda ya fi ba ni haushi shi ne Mortal Engines na 2018, domin littafin Philip Reeve na 2001 kyauta ce aka miƙa musu a faranti. Birane ne aka ɗora wa ƙafafu suna yawo, babban birni yana farautar ƙaramin gari ya haɗiye shi, ya narkar da ƙarafunsa, ya bautar da mutanensa. Landan hawa-hawa ce, manya a sama suna shan iska, fursunoni da leburori a can cikin tumbi. Ko ɗan firamare ya gane abin da ake nufi. Jarumar, Hester Shaw, an sare ta da takobi tun tana yarinya: ido ɗaya ya tafi, hanci ya zama dungu, baki ya karkace. Wannan fuskar ita ce shaidar abin da manyan Landan ke aikatawa a ɓoye. A fim sai ga Hera Hilmar da idanunta biyu rangaɗau da wani ɗan tabo a kumatu, irin wanda yarinya za ta samu in ta faɗi daga keke. Da masoya littafin suka yi ca, darakta Christian Rivers ya kare kansa da cewa fim abin ido ne, kuma dole a yarda cewa saurayin zai so ta. Wato a wurinsa mai tabo ba ta cancanci so ba, alhali abin da littafin ya zo ya ƙaryata ke nan. An kashe sama da dala miliyan 100, abin da ya dawo daga gidajen sinima na duniya bai kai miliyan 85 ba, ga shi har da sunan Peter Jackson a jikin fasta.

Na san amsar da za a ba ni, domin ita ce dai wadda muke ji a nan gida duk lokacin da marubuci ya yi kukan an ɓata masa littafi: fim daban, littafi daban, kuma ɗan kallo nishaɗi ya zo nema. Rabin farko gaskiya ne. Babu mai hankalin da zai ce a kwafe shafi 400 a zuba a awa biyu. Dole a yanke, dole a haɗe mutum biyu su zama ɗaya. Abin dubawa shi ne me ake yankewa. In a kowane fim lebura ne ake yankewa, da wanda aka mallaka, da mace mai tabo, a bar bututu da tabarau, to wannan ya wuce matsalar lokaci, zaɓi ne. Batun kasuwa kuwa, na yarda akwai irin su Sherlock Holmes na Guy Ritchie (2009) da suka yafa wannan kwalliyar suka kwashi kuɗi, na kuma yarda finafinan kirki ma suna faɗuwa. Amma waɗanda suka zubar da ran labari don kasuwa, ga su nan na lissafa, da yawansu kasuwar ma ba su samu ba. Ba tsuntsu ba tarko.

Kuma ai an ga waɗanda suka yi abin yadda ya kamata. Hayao Miyazaki na Jafan ya ziyarci garuruwan masu haƙar kwal na Wales a tsakiyar shekarun 1980, zamanin babban yajin aikinsu, ya dawo ya yi Castle in the Sky (1986), inda jarumin yaron inji ne a garin mahaƙa, kuma jama'ar garin ne ke tsaya masa. Katsuhiro Otomo ya shafe kusan shekara 10 yana yin Steamboy (2004), da zane sama da 180,000, kuma labarin ya fara ne a masaƙar Mancesta, ya ƙare da 'yan kasuwar makamai suna ragargaza Landan don su nuna wa masu saye ingancin hajarsu. Ko Hugo na Martin Scorsese (2011), daga littafin Brian Selznick, wanda ya ci Oska biyar, ka lura maraya ne ke wana agogunan tashar jirgi a ɓoye yana satar burodi, kuma kowane haƙori na mutum-mutumin da yake gyarawa yana da aikin yi. Yara suna kallon waɗannan finafinan suna jin daɗi, ba wanda ya yi hamma.

Yanzu bari in juyo kan masu sana'ar hannu, domin adabin tururi ya daɗe da fita daga takarda ya shiga shago. Akwai gwanaye na gaske. A 2007 wani Ba'amurke da ake kira Jake von Slatt ya ɗauki allon rubutun kwamfuta na IBM, ya yanka masa gida na tagulla, ya sa masa maɓallai irin na tsohuwar tafireta, ya nuna wa duniya yadda ya yi mataki-mataki, kuma abin yana aiki. Marigayi Richard Nagy, wanda aka fi sani da Datamancer, irin wannan aikin ya shahara da shi. Har gidan tarihin kimiyya na Okasfod ya shirya baje kolin ayyukansu daga 2009 zuwa 2010. Hujjar waɗannan mutane mai ƙarfi ce: na'urorin zamani baƙaƙen akwatuna ne da aka liƙe, ba ka ganin cikinsu, in sun lalace sai bola, su kuwa suna son injin da za ka buɗe, ka gane, ka gyara. Wannan shi ne tantirancin da ya rage a fannin, kuma na ɗaga musu hula.

Amma ga kowane gwani ɗaya akwai ɗari da suka koyi darasin Holiwud. A sayo haƙoran agogo na roba a leda, a shafa gam, a manna a hula, a manna a takalmi, a manna a jikin waya, a fesa fenti ruwan zinariya, shike nan wai an yi fasaha. Abin ya yi yawa har wani mawaƙi ya yi musu waƙar zambo a 2011. Haƙorin inji fa ba fure ba ne, malam. Amfaninsa shi ne ya ciji ɗan'uwansa: in faifai mai haƙora 10 yana juya mai haƙora 60, sai ƙaramin ya zagaya sau shida kafin babban ya zagaya sau ɗaya, kuma da irin wannan lissafin ne hannun awa na agogo ke zagayawa sau ɗaya yayin da na minti ya zagaya sau 12. Faifan da ba ya cizon kowa gawa ce.

Mai sha'awar da ke son ya fara da gaske, ya je wajen mai gyaran agogo a kasuwa ya sayi mataccen agogon wani, ya kwance shi a kan farin ƙyalle, ya jera sassan bi da bi, ya gwada mayarwa. Ko kuma ya haɗa ɗan jirgin ruwan nan na gwangwani da wani Bafaranshe, Thomas Piot, ya yi wa rajista tun 1891: 'yar tukunya shafaffiya da aka naɗe daga gwangwanin lemo, siraran bututu biyu da suka leƙa ruwa ta bayan jirgin, da guntun kyandir a ƙarƙashi. Wuta ta tafasa ɗigon ruwan da ke ciki, tururi ya tunkuɗo ruwa waje, ya huce, ya sake zuƙo wani, jirgi ya yi ta tafiya a baho yana fat-fat-fat. Injin tururi ne na gaske, kuɗinsa bai kai na katin waya ba. (A kula da yara wajen wutar da bakin gwangwanin.) Mu da muka tashi muna ƙera motar langa-langa da ta kara, muke da Panteka a Kaduna, muka kuma ga wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota a 2007, ba mu da uzurin tsayawa a manne-manne.

Akwai kuma wani abu guda a cikin kayan adon nan da ni dai ba na iya kallo in yi shiru, wato farar malafar nan ta Turawan mulki, irin wadda Di'o da Razdan ke sawa. Ka duba hotunan bukukuwan masoya wannan fanni a Ingila da Amurka, za ka gan ta, an ɗaura mata tabarau, mai ita yana murmushi wai shi mai binciken ƙasashe ne. A can ado ce. A nan mun san wanda ya sa ta da abin da ya zo yi. Zamanin tururi ya iso ƙasar nan ne a jiragen ruwan da suka hau Binuwai da soja suka ci Yola a 1901. Ya iso Kano da Sakkwato da Burmi a 1903 da bindigar Maxim, wadda kakanninmu suka kira bindiga mai ruwa saboda rigar ruwan da ke sanyaya bakinta, ruwan da ke tafasa ya yi tururi in an daɗe ana harbi. Ya iso a layin dogon Baro zuwa Kano da ya kammala a 1911, wanda aka gina da talakawan da aka ɗebo ta hannun sarakuna. Shi kansa Verne da nake ta yabo ba a bar shi a baya ba: a Five Weeks in a Balloon (1863) ya ɗora Turawa uku a balan-balan mai suna Biktoriya, suka ratsa ta saman Tafkin Chadi da Agadas da Tumbuktu suna leƙen mutanen ƙasa kamar dabbobin daji, alhali shi bai taɓa zuwa ba, rubuce-rubucen matafiya irin su Barth ya karanta. Mu ne waɗanda ake leƙowa ɗin. Don haka in matashinmu ya ga hoton nan ya burge shi har yana neman irin malafar, to ya san kayan wa yake ara.

Ba cewa nake a guje wa fannin ba. Tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, saboda haka tambayar "da a ce" ba baƙuwarmu ba ce, kuma wanda ke ƙasan balan-balan ya fi na cikinta labarin bayarwa. Wasu sun riga sun nuna hanya. P. Djèlí Clark, a A Master of Djinn (2021), wanda ya ci kyautar Nebula, ya gina Alƙahira ta 1912 inda aljanu suka fito fili suna aiki da mutane, Masar ta kori Ingila ta zama babbar daula, jarumar kuma wata jami'ar bincike ce mai suna Fatma. Nisi Shawl kuwa, a Everfair (2016), ta koma Kwango ta zamanin Sarki Liyofol na Beljiyam, inda ake sare wa mutane hannu in ba su cika mudun roba ba, ta kafa wata ƙasar mafaka da ke yaƙarsa da jiragen sama. A wannan littafin ma akwai hannayen tagulla masu motsi, irin waɗanda masu ado ke so, sai dai kowane ɗaya an ƙera shi ne don wani da aka guntule wa nasa. Ranar da kuka ji an ce za a mayar da Everfair fim, hannun tagullar za ku fara gani a fasta, wannan ba shakka. Ku shiga ku zauna, ku ƙirga minti nawa za a ba wanda ya riƙe addar.